Idan turbo ya fi ƙarfin linzaminsa: fashin baƙi kan lambar P0234 a motocin gas masu fowil

Yayana yana da a-kori-kura mai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, ta man gas, da yake ɗauko citta da ita daga Kachia zuwa Kaduna. Bara da kaka motar ta tsiro da wata ɗabi'a. A cikin gari lafiyarta lau, daga Kakuri har Kawo ko tari ba ta yi. Amma da an lafta mata kaya ta hau babban titi, ya zo wuce tirela ko hawan tudu ya danna totur, sai ta zabura kamar an tsikare ta, daƙiƙa uku ko huɗu, daga nan ta saki jiki gaba ɗaya. Fitilar cek ta kama, totur ya koma kamar ana taka soso, gudu ya ƙi wuce na Keke. Ya gangara gefe ya kashe, ya sake tayarwa, ta dawo garau kamar ba ita ba. Duk wanda mota ta taɓa sake masa jiki yana hannun da ba nasa ba, ga tirela a gefe, ga wata motar tana tahowa, ya san wannan ba abin a ce bari sai an samu sarari ba ne.

Aka jona mata kwamfuta, ta nuna P0234. Bakaniken farko ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, turbo ne ya tafi." Aka sayo ɗan Beljiyam da kuɗi masu ciwo aka ɗaura. Kwana uku, a daidai tudun da ta saba, ta maimaita halinta.

Abin da lambar ke faɗa daban, abin da aka ji daban. P0234 cewa take yi ƙwaƙwalwar mota ta ga matsin iskar da ke shiga injin ya haura abin da ta nema, kuma ya daɗe a haure. Turbo da ya gaji, wanda fankarsa ta cinye ko biyarin ɗinsa ya yi sako-sako, ƙarancin iska yake kawowa, kuma wannan lambarsa daban ce, P0299. Turbo da ke hura iska har ta wuce kima yana da sauran ƙarfi a jikinsa. Doki ne lafiyayye da linzami ya kasa riƙewa, mu kuma da yawanmu dokin muke sayarwa, mu ɗaura wa sabon tsohon linzamin.

Turbo fanka biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya ta farko, ita kuma ta ja ta biyun, wadda ke zuƙo iska daga matata ta matse ta, ta tura ta cikin intakula ta huce, sannan ta shiga injin. Sandar nan tana yin juyi sama da 100,000 a minti guda. Matsalar ita ce abin yana ciyar da kansa: iska ta ƙaru, injin ya ƙona mai da yawa, hayaƙi ya ƙaru, fanka ta ƙara gudu, iska ta sake ƙaruwa. In ba a taka masa birki ba, ba shi da inda zai tsaya sai inda wani abu ya fashe, ko tiyon intakula ya fice, ko gaskit ɗin kan injin ya ƙone, ko turbo ɗin kansa ya tarwatse ya watsa ƙarafa cikin injin. Shi ya sa ƙwaƙwalwa, da ta ga matsi ya wuce iyaka, take rage mai ta jefa motar cikin ɗingishi. Wannan sakin jikin da direba ke tsinewa, ceton injin ne. Mai goge lambar ya ci gaba da tafiya, ko mai cire ƙwan fitilar cek don kada oga ya gani, da hannunsa yake kiran obahol.

Linzamin kuwa iri biyu ne, kuma wanda bai san irin da ke jikin motarsa ba zai yi ta bincike a baibai.

Tsohon salo shi ne wesget, wata 'yar ƙofa a ɓangaren hayaƙi da ke buɗewa ta ɓarar da wani kaso zuwa salansa ba tare da ya taɓa fanka ba. Galibi matsin iskar turbo ɗin ne da kansa ke bi ta wani siririn tiyo ya tura roba da sifirin a cikin wani ɗan gwangwani, sandar gwangwanin ta buɗe ƙofar. Haka yake a injin 1HD-T na Land Cruiser da 2KD na farko-farko a Hilux. A nan lissafin a fili yake: tiyon ya tsage, ko ya zame, ko robar cikin gwangwanin ta huje, ko tsatsa ta riƙe ƙofar a rufe, to ba abin da zai buɗe ta, matsi sai ya yi ta hawa. Tiyon da bai kai tsawon hannu ba ya isa ya jawo wannan duka.

Sabon salo ba shi da ƙofa. An kewaye fankar hayaƙi da wasu ƙananan fukafukai masu juyawa, duk a jikin zobe guda. Idan injin yana ƙasa-ƙasa sai su matse, hayaƙi ya fita da zafin nama kamar yadda mai wankin mota ke danne bakin tiyo da babban yatsa, turbo ya tashi da wuri. Idan injin ya ɗauki gudu sai su ware, matsi ya daidaita. Irin wannan ne a 1KD mai lita 3.0, da 1GD mai lita 2.8 da ya shigo a 2015, da 1VD mai silinda takwas na Land Cruiser, da ZD30 na Nissan Patrol, da wasu YD25 na Navara, da Ford Ranger mai lita 2.2 da 3.2. Masu 1HZ da 5L-E, waɗanda suka cika ma'aikatu da ƙungiyoyi a nan Arewa, su kwantar da hankalinsu, injinansu ba su da turbo daga kamfani. Haka yawancin Hilux ɗin da ke yawo a Kaduna ma na fetur ne mai lita 2.7, wannan zancen bai shafe su ba.

Fukafukan nan wani lokaci ƙaramar moto ta lantarki ce ke juya su, kamar a 1KD da 1GD, wani lokaci kuma zuƙo ne, wato bakyum, kamar a ZD30. To a nan gizo ke saƙa. A tsarin zuƙo, zuƙon ne ke matse fukafukan, sifirin kuma ya buɗe su. Saboda haka idan tiyon zuƙo ya tsage, fukafukan a buɗe za su zauna, mota ta rasa ƙarfi, akasin abin da ke faruwa a wesget. Iska tana wuce kima a wannan tsarin ne idan zuƙon ya shiga ya ƙi fita. Mai neman tsagaggen tiyo a irin wannan motar don ya magance P0234, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ni a wurina bincike ba da sifana yake farawa ba, da baki yake farawa. Me aka taɓa a motar nan kwanan baya? Ruwa ba ya tsami banza. A Kaduna abu ne sananne a toshe bawul ɗin EGR da faranti don kada hayaƙi ya riƙa komawa cikin injin. Amma ƙwaƙwalwa tana lissafi ne da cewa wani kaso na hayaƙin ya bi ta can, sai ga shi gaba ɗaya ya afka wa fankar turbo, kuma a wasu injuna wannan kaɗai ya isa ya sa matsi ya riƙa tsalle. Haka idan an fasa salansa an kwashe abin da ke ciki, ko an sa mai faɗi, ko an taɓa manhajar ƙwaƙwalwa don ƙarin ƙarfi, ko wani mai hikima ya rage tsawon sandar gwangwani da niyyar motar ta ƙara ja. Mai mota ba kasafai yake faɗin waɗannan ba sai an tambaye shi kai tsaye, don a ganinsa gyara aka yi masa.

Bayan haka, kafin a goge lambar, a karanta bayanan da ƙwaƙwalwa ta adana a daidai lokacin da abin ya faru: gudun injin, gudun mota, zafin ruwa, matsin iska. Yaran gareji suna da saurin danna gogewa, da sun goge kuwa shaidar ta tafi. A duba kuma lambobin da suka rako ta. P0236 zuwa P0238 suna nuni ga sensar matsi da wayoyinta, P0045 da P0046 ga abin da ke sarrafa turbo, P2563 ga sensar da ke faɗin inda fukafukan suke.

Sai a titsiye mai ba da shaida. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin iska, abin da sensar matsi, wadda aka fi sani da MAP, ta faɗa mata shi take aiki da shi. Gwajin farko kyauta ne. A murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a duba abin da sensar ke nunawa a kwamfuta. Injin ba ya aiki, saboda haka dole ta nuna matsin iskar gari. A bakin teku, kamar Legas, kusan kPa 101 ne, kPa kuwa ma'aunin matsi ne. Kaduna tana sama da teku da kimanin mita 600, don haka a nan abin da ake sa ran gani kusan 94 ne, ya ɗan yi sama ko ƙasa gwargwadon yanayi. A Jos, da ta ninka mu tudu, zai sauko wajen 88. Idan a garejin Kurmin Mashi sensa ta nuna 115 injin na kashe, an kama maƙaryaciya tun ba a je ko'ina ba. Motoci da dama suna da wata sensar ta iskar gari a cikin ƙwaƙwalwa, ya kamata biyun su yi kusan daidai a wannan lokacin.

Akwai wani ruɗani da na sha gani a nan. Sensar tana ƙirga har da iskar gari, geji mai allura kuwa daga sifili yake farawa. Idan kwamfuta ta nuna kPa 200 ana tsakiyar gudu a Kaduna, sai a cire 94, abin da turbo ya ƙara 106 ne, wato a wasu ma'aunan matsin bar 1 da ɗan ɗoriya, ko kusan psi 15, wanda ba baƙon abu ba ne a irin waɗannan motoci. Wanda bai cire ba zai lissafa psi 29, ya dafe kai ya ce injin zai tashi sama. Kowane injin da iyakarsa, a littafinsa ake samu, amma wannan cirewar ba ta canzawa.

Sensar kanta a kwance ta a duba. Noti ɗaya ko biyu ne. A motar da ta yi shekaru EGR na aiki, za ka tarar da bakinta ya toshe da wani baƙin abu mai danƙo, hayaƙi ya haɗu da tururin baƙin mai ya zama kamar kwalta. Sensar da ta toshe ba lallai ta yi ƙarya ba, jinkirin magana take yi. Matsi ya riga ya hau tana cewa bai hau ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da matse fukafukai, kafin labari ya iso an wuce gona da iri. A fesa mata maganin wanke kayan lantarki, a bar ta ta bushe, kada a zura mata waya ko allura. A wasu injuna tana nesa da bututun, ɗan tiyo da 'yar matata ne ke kai mata iska, su ma a duba su. In ana son raba gardama, a jona geji mai allura a bututun iska a fita da motar. Allura da kwamfuta suka tafi tare, matsin na gaske ne. Suka saɓa, a koma kan sensa da wayarin, musamman layin wuta mai ƙarfin bolt 5 da na ƙasa.

Gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya a kan titi ake yinsa, kuma mutum biyu yake so, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da kwamfuta. A gareji, mota na tsaye, ko an danna totur har ƙasa turbo ba ya cika, don injin bai ɗauki nauyi ba. A nemi miƙaƙƙiyar hanya lokacin da ba cunkoso, kamar ta Zariya bayan an wuce Maraban Jos. A sa giya ta huɗu, daga juyi 1,500 a danna a hankali har ƙasa zuwa wajen 3,000. Abu uku ake kallo a tare: matsin da ƙwaƙwalwa ta nema, matsin da aka samu, da umarnin da take ba turbo. Idan wanda aka samu ya ɗan tsallake na daƙiƙa guda ya dawo ya bi sahu, wannan halin turbo ne. Idan ya haura ya ci gaba da hawa alhali ƙwaƙwalwa tana ta cewa a buɗe, to umarni na fita amma ba a bi, laifin yana tsakanin ɗan aike, wato moton lantarki ko kayan zuƙon da ke juya fukafukan, da fukafukan kansu. Idan kuwa geji na nuna matsi ya yi yawa amma ƙwaƙwalwa ba ta ma nemi a buɗe ba, ko ba ta samun labarin gaskiya, ko an taɓa manhajarta. A kula, kason umarnin da kwamfuta ke nunawa ba ma'anarsa ɗaya a kowace mota ba, a wata babban adadi rufewa ne, a wata buɗewa, sai an fara tantance wannan motar na tsaye.

Daga nan sai a raba ɗan aike da fukafukai, kuma hanyar mai sauƙi ce. Injin ya huce tukuna, don gefen hayaƙin turbo yana kai digiri 600 zuwa sama idan mota ta ja kaya. A cire ɗan makullin da ya haɗa sandar da hannun fukafukan, a motsa hannun da yatsa. Lafiyayye yana tafiya sumul daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka ji ya buga ƙas a kowane gefe. Wanda kunkunniya ta cika za ka ji yana gurzawa kamar ƙofar da yashi ya shiga ƙarƙashinta, ko ya cije a tsakiya, ko ya ƙi kaiwa ƙarshen buɗewa. Wani munafukin kuma a sanyi lafiya yake, sai ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sannan ya cije, shi ya sa in labarin direba ya nuna sai an yi nisa abin ke faruwa, ba a wanke fukafukai daga zargi don gwajin safe kawai.

Kunkunniyar nan mu muke tara ta. Direba ya kai oga ofis ko gidan biki, ya zauna awa biyu injin na kunne saboda sanyin AC. Motar da aka ƙera don dogon zango da kaya, an mayar da ita ta kai yara makaranta da bin cunkoson Ahmadu Bello Way. Fukafukan ba sa samun zafin da zai ƙone dattin, ba sa kuma yin cikakkiyar tafiyarsu, sai datti ya daskare a inda ba sa kaiwa. Ranar da aka hau titin Abuja aka nemi su buɗe gaba ɗaya, sai su tarar an gine hanyar. Ƙara da man gas na bakin hanya da aka gauraya, da nozul da suka gaji suna zubar da mai, da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe ana ta kaɗe ta ana mayarwa. Motar da ta daɗe a ajiye, musamman ta ratsa damina, tsatsa ce ke yi mata wannan aikin.

Wankewa tana yiwuwa, kuma ta fi sayen wani arha nesa ba kusa ba. A sauke turbo, a yi alama a jikinsa kafin a raba gidan hayaƙin, a fitar da zoben da fukafukan a goge su tas, a mayar yadda suke. Abu biyu ne ba a taɓawa. Sandar tsakiya da fankokinta an daidaita nauyinsu da na'ura, in aka kwance su a kan benci an kashe turbo. Sai ɗan notin da ke tsayar da hannun fukafukan, wanda galibi za ka gan shi da ɗigon fenti, a kamfani aka saita shi da awon iska, kuma juyi rabi ya isa ya mayar da gyara ya zama na gangar auzinawa. Magungunan da ake fesawa ta waje ba tare da an kwance ba, a ganina sayen lokaci ne kawai. Inda sauya turbo ya zama dole shi ne idan zoben ya cinye yana wasa, ko gidan ya lanƙwashe da zafi, ko fanka tana gogar bango. Ko a nan ma a daidaita lambar da ke jikin farantinsa da ta tsohon, don turbo biyu suna iya zama kamar tagwaye a ido amma saitinsu ya bambanta. Ɗan Beljiyam kuma da tasa kunkunniyar yake zuwa, a motsa hannunsa tun a shago.

Idan fukafukan suna tafiya sumul, ɗan aike ya rage. Na lantarki, kwamfuta mai kyau tana iya umartarsa ya motsa ana kallo, a ga ko yana kaiwa ƙarshe, ko yana karkarwa, ko haƙoran cikinsa sun cinye. A duba soket ɗinsa, don kusa da zafi yake zaune kuma wankin injin da ruwa mai ƙarfi yana shigar masa. Na zuƙo kuwa, da ɗan famfon hannu ake gwada gwangwanin, a ja a ga sandar ta tafi a hankali ta tsaya, a saki a ga ta koma nan take. Sai solonoid, ɗan bawul ɗin lantarki da ke tsakani, wanda baki uku gare shi: ɗaya daga famfon zuƙo, famfon da ke taimaka wa birki, ɗaya zuwa turbo, na ukun kuma shi ne hancin da yake shaƙar iska don ya saki zuƙon. Wannan na ukun kusan ba wanda ke kallonsa.

A can matsalar motar Yayana ta ɓuya. Wani dattijon bakanike da aka kai mu wurinsa ya saurari labarin tudun har ƙarshe bai katse ba, ya motsa hannun fukafukan ya ji sumul, sannan ya tayar da injin ya sa yaronsa ya zare soket ɗin solonoid. Ya kamata sandar ta koma nan take. Sai ta tsaya cak, can ta fara ja da baya kamar mai ciwon gwiwa. Ya bi tiyon na uku da hannu, ya same shi yana reto a bayan fitila. Ashe tun lokacin da aka sauya akwatin matatar iska ba a mayar da shi mazauninsa ba, watanni yana shaƙar jar ƙurar hanyoyin gonakin Kachia. Ya zare shi ya buga a tafin hannunsa, jar ƙasa ta zubo kamar garin barkono.

"Alhaji, ina tsohon turbo ɗin naka?" in ji shi.

"Yana gida, Baba, a cikin buhu."

"To ka adana shi da kyau, lafiyarsa ƙalau."

Aka sa wani solonoid da sabon tiyo, aka mayar da bakinsa cikin akwatin matata. Washegari muka ɗora buhunan siminti don ta ji nauyi, muka nufi tudun, ni ina gefe riƙe da kwamfuta. Layin abin da aka nema da na abin da aka samu suka hau tare, na biyun ya ɗan leƙa sama ya dawo, muka gangara ɗaya gefen fitila ba ta kama ba. Tsohon turbo ɗin har yau yana cikin buhu a ɗakin ajiyar citta.